Harin jami'ar Garissa na 2015: abin da ya kamata ɗalibanmu su sani tun lafiya lau

 A fagen tarihinmu na yau za mu leƙa gabashin Afirka, ƙasar Kenya, mu waiwayi abin da ya faru a wata jami'a a 2015. Labari ne mai ɗaci, amma duk wanda ke da ɗa ko ɗiya ko ƙane da ke kwana a site na jami'a, ko ke zama a anfi yana ɗaukar darasi, ya daure ya karanta har ƙarshe. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Garissa gari ne a arewa maso gabashin Kenya, a bakin kogin Tana, wajen kilomita 370 daga Nairobi babban birnin ƙasar. Ƙasa ce ta zafi da ƙaya da raƙuma, wanda ya san Tanut ko Abalak ba zai yi baƙunta can ba. Yawancin mutanen yankin Somalawa ne Musulmi, kuma iyakar Somaliya ba ta da nisa. A 2011 gwamnati ta buɗe musu kwalejin jami'a, a ƙarƙashin jami'ar Moi da ke garin Eldoret. Tunda gwamnati ce ke rarraba ɗalibai a jami'o'inta, sai aka riƙa turo yara daga ko'ina cikin Kenya, da yawansu Kirista, ɗiyan manoma da ƙananan ma'aikata. A 2015 ɗaliban sun haura 800.

A wannan shekara ta 2011 ɗin dai, cikin watan Oktoba, Kenya ta tura sojojinta Somaliya don yaƙar ƙungiyar Al-Shabab, ita kuma ƙungiyar ta sha alwashin ramuwa. A Satumban 2013 ta kai hari babban kantin Westgate a Nairobi, mutum 67 suka mutu. A Nuwamban 2014 ta tare motar fasinja kusa da Mandera ta kashe 28, da yawansu malaman makaranta ne masu tafiya hutu. Kwana goma bayan nan ta kashe masu fasa dutse 36 a yankin. Ke nan ba wanda zai ce bai san akwai haɗari ba. A ƙarshen Maris 2015 har sanarwa aka liƙa a wasu jami'o'in Nairobi cewa ana shirin kai wa wata jami'a hari. Shugaban kwalejin Garissa ya sha rubuta wa hukuma takarda yana neman a ƙaro masa jami'an tsaro. Wata ɗaliba ta makarantar horon malamai da ke maƙwabtaka da jami'ar ta gaya wa 'yan jarida cewa su an sallame su gida tun ranar Talata, saboda an ga baƙin fuskoki a gari. Jami'ar kuwa ta ci gaba da karatu, da 'yan sanda ƙalilan a bakin aiki.

Ranar Alhamis 2 ga Afrilu 2015, saura kwana uku bikin Ista, wajen ƙarfe 5 da rabi na asuba, mutum huɗu ɗauke da bindigogi suka iso ƙofar makarantar. Suka harbe masu gadi biyu suka shige. Akwai wani aji da ɗalibai Kirista ke taruwa addu'ar safe, suka buɗe musu wuta. Daga nan suka nufi gidajen kwana, suka tare a wani babban gini da ake kira Elgon, inda ɗaruruwan ɗalibai ke barci.

Akwai barikin soja a cikin garin, sojoji suka iso da wuri suka kewaye wurin, aka yi ta musayar wuta, amma ba su iya kutsawa cikin ginin ba. Rundunar 'yan sanda ta musamman da aka horar don irin wannan aiki tana can kusa da Nairobi tana jiran jirgi. Jaridun Kenya sun ruwaito cewa 'yan jaridar da suka taso daga Nairobi a mota sun riga ta isa. Sai da rana ta yi tsaka har ta karkata kafin ta sauka Garissa, sai da yamma ta shiga ginin, kuma da ta shiga ba ta yi awa guda ba ta gama da maharan huɗu. Amma kafin nan an riga an yi ɓarna. Mutum 148 suka rasu, 142 daga cikinsu ɗalibai, sauran masu gadi da jami'an tsaro. Wasu 79 suka ji rauni. Tun harin bam na ofishin jakadancin Amurka a 1998 Kenya ba ta ga harin da ya ci rayuka irin wannan ba. Shugaba Uhuru Kenyatta ya sa zaman makoki na kwana uku, iyaye kuma suka yi ta layi a mutuware ta Chiromo a Nairobi suna neman gawar ɗiyansu.

To jama'a, ku lura da lissafin nan da kyau. Daga asuba har yamma, sama da awa goma, ɗaliban da ke cikin ginin nan ba su da kowa sai Allah sai dabararsu. Kuma duk da haka fiye da 500 sun fita da ransu. Yadda suka fita shi ne abin da ya kamata mu tsaya a kai.

Kashi na farko su ne waɗanda suka gudu tun ƙarar farko. Ba su tsaya neman takalmi ba, ba su tsaya ɗaukar kwamfuta ko takardun shaida ba, wasu da kayan barci, wasu ko riga babu. Suka bi ta baya cikin duhu, suka haura shinge, ƙaya da waya na yankar su, suka faɗa cikin gari ko suka nufi wajen sojoji. Mutum huɗu, komai yawan harsashinsu, ba za su iya tsare kowane lungu na makaranta a lokaci guda ba. A mintocin farko hanyoyi a buɗe suke, kuma kowane minti da ya wuce wata hanya ce ke rufewa.

Kashi na biyu su ne waɗanda hanya ta rufe musu suka ɓuya. Wasu cikin silin, wasu ƙarƙashin gado, wasu cikin kabad ɗin tufafi. Akwai waɗanda suka shafa jinin abokansu a jiki suka kwanta cikin gawawwaki kamar sun mutu, na tsawon awoyi. Wata yarinya 'yar shekara 19 ta shiga kabad ta lulluɓe kanta da tufafi, ba a gano ta ba sai ranar Asabar, bayan kwana biyu. Da ƙishirwa da yunwa suka matsa mata, man shafawa ta riƙa sha. Ko da jami'an tsaro suka zo suna kira a fito, ƙin fitowa ta yi, sai da aka kawo wani malaminta da ta san muryarsa.

Me ya sa ta ƙi fitowa? Saboda ta ji abin da ya sami kashi na uku. Maharan sun riƙa ɗaga murya da Swahili, harshen da kowa ke ji, suna cewa wanda ke son ransa ya fito, ba za su taɓa mata ba. Ɗalibai da yawa, musamman 'yan mata, suka yarda suka fito daga maɓoyarsu. Aka tara su a tsakar ginin, aka kwantar da su, aka harbe su. Wasu ma sai da aka sa suka kira iyayensu a waya suka yi ban kwana. Yawancin waɗanda suka rasu a wannan gini suka rasu. Wallahi abin tausayi ne, kuma ba mai ganin laifin yaran nan, domin ba wanda ya taɓa zaunar da su ya gaya musu cewa alkawarin mai bindiga tarko ne.

Maharan sun riƙa tambayar addini, suna sakin wasu Musulmi suna kashe Kirista, da nufin haɗa 'yan ƙasa faɗa. Shugabannin Musulmin Kenya sun yi tir da abin. Kuma a Disamban wannan shekara, da Al-Shabab ta sake tare wata motar fasinja a yankin Mandera ta ce a ware, fasinjoji Musulmi suka ƙi, har mata suka ba Kirista hijabi suka sa. Wani malamin makaranta Musulmi da aka harba a ranar ya rasu bayan 'yan makonni. Wani abin kuma da ya girgiza mutane: ɗaya daga cikin maharan Garissa ɗan Kenya ne da ya karanta shari'a a jami'ar Nairobi, ɗan wani jami'in gwamnati. Mai kawo hari ba dole ya zo da kamar baƙo ba.

Daga baya an dakatar da wasu jami'an tsaro da na mulki na yankin. A 2019 kotu ta ɗaure mutum uku da suka taimaka wa maharan, ɗaya rai da rai, biyu shekara 41 kowanne. A 2024 wata babbar kotu ta ce gwamnati ta yi sakaci tunda tana da labarin harin tun kafin ya faru, ta umarce ta da ta biya iyalai diyya. Makarantar ta sake buɗewa a Janairun 2016. Amma diyya ba ta maido da ɗa.

Yanzu bari mu tsallaka teku mu je Amurka, shekara takwas kafin Garissa, domin can ne aka fara tsara yawancin shawarwarin da ake ba ɗalibai a yau. Ranar 16 ga Afrilu 2007, a jami'ar fasaha ta jihar Bajiniya, wani ɗalibi ya harbe mutum biyu a gidan kwana wajen ƙarfe 7 da kwata na safe. Hukumar jami'ar ta ɗauka rikici ne na mutum biyu, ba ta aika wa ɗalibai saƙo ba sai 9 da minti 26. Wajen 9 da minti 40 ya shiga wani ginin azuzuwa, ya ɗaure ƙofofin fita da sarƙa, cikin kusan minti goma ya kashe mutum 30. Jimilla 32.

A bene ɗaya, azuzuwa na jere da juna, amma abin da ya same su ya bambanta. Ajin da ya fara shiga ba su ankara ba, yawancinsu suka mutu. Wani aji mai lamba 205, da suka ji ƙara, sai suka jawo babban tebur suka tokare ƙofa, suka kwanta ƙasa suna danne da shi. Ya tura ƙofar ta ƙi, ya yi harbi ta jikinta ya wuce. Ba wanda ya mutu a ajin. A aji na 204, wani tsohon farfesa mai shekara 76, Liviu Librescu, wanda ya tsira daga kisan Yahudawa a yaƙin duniya na biyu, ya danne ƙofa da jikinsa ya ce wa ɗalibansa su fita ta taga. Yawancinsu suka dira suka tsira, shi kuma ya rasa ransa. Akwai kuma ɗalibin da harsashi ya tsinka wa babbar jijiyar cinya, ya samu wayar lantarki ya ɗaure ƙafar tamau har masu agaji suka iso, kuma ya rayu.

Bayan wannan ne jami'o'in Amurka suka kafa tsarin aika saƙon gaggawa zuwa wayar kowane ɗalibi cikin 'yan mintoci, aka canza makullan azuzuwa yadda za a iya kulle su daga ciki. A 2012 birnin Huston ya fitar da wani ɗan fim mai koyar da kalmomi uku: ka gudu, ka ɓuya, in ba makawa ka kare kanka. Faransa ma bayan hare-haren Paris na Nuwamban 2015 ta liƙa nata allon a makarantu da tashoshi: ka tsere, ka ɓuya, ka sanar. Ku duba, abin da ɗaliban Garissa da suka rayu suka yi ke nan, ba tare da kowa ya koya musu ba.

Sai dai tarihin Kenya ya ƙara mana wani darasi da mutane ba su cika faɗa ba. Kwana goma bayan Garissa, ranar Lahadi 12 ga Afrilu, da asuba, wutar lantarki ta yi bindiga a reshen jami'ar Nairobi da ke Kikuyu. Ba ɗan bindiga ko ɗaya. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Ɗalibai suka ɗauka Al-Shabab ce, suka riƙa dirowa daga benaye masu tsawo, suna tattake juna a matakala. Ɗalibi ɗaya ya mutu, sama da 100 suka ji rauni. Sannan ranar 30 ga Nuwamban wannan shekara, jami'ar Strathmore a Nairobi ta shirya atisayen gwaji da jami'an tsaro, har da ƙarar harbi, ba tare da yawancin ɗalibai da ma'aikata sun san gwaji ne ba. Wata ma'aikaciya ta rasu, gommai suka ji rauni, wasu sun karye wajen dirowa. Ke nan tsoro ma yana kisa in ba a san hanyar fita ba. Kuma gwajin da ba a sanar da mutane ba, shi kansa masifa ne.

Kada wani ya ce wannan duk labarin nesa ne. Ranar 29 ga Satumba 2013, cikin dare, 'yan Boko Haram suka shiga kwalejin aikin gona ta Gujba a jihar Yobe, maƙwabciyar Diffa da Damagaram, suka harbe ɗalibai sama da 40 a ɗakunan kwanansu, kuma yawancinsu Musulmi ne. Waɗanda suka tsira daji suka faɗa. Ranar 17 ga Satumba 2014 aka kai hari kwalejin horon malamai ta tarayya a Kano da rana tsaka ana cikin darasi, aƙalla mutum 15 suka mutu. Daga baya salon ya koma satar mutane don kuɗin fansa: a Maris 2021 aka fasa katangar kwalejin gandun daji ta Afaka a Kaduna aka tafi da ɗalibai 39, a Satumban 2023 aka kwashe ɗaliban jami'ar tarayya ta Gusau, yawanci mata, daga gidajen haya na bayan makaranta. Zamfara kuwa mutanen Maradi sun san ba nisa. A nan gida ma, ɗaruruwan lakwal ne aka rufe a jihar Tillaberi saboda barazanar 'yan bindiga.

Jami'o'inmu, alhamdu lillahi, Allah ya tsare su daga irin harin Garissa, kuma muna roƙon ya ci gaba da tsarewa. Amma yanzu muna da Abdu Mumuni a Yamai, Dan Dikko Dankulodo a Maradi, André Salifu a Damagaram, Jibo Hamani a Tawa, ga na Agadas, Diffa, Doso da Tillaberi, ga jami'ar Musulunci ta Sayi. Dubban yara ne, ɗaki na mutum biyu yana ɗaukar biyar ko shida, tagogi duk an sa musu ƙarfe saboda ɓarayi, ƙofar baya an garƙame ta da kwaɗo tun shekarun baya, makullin ma ba a san wurin wa yake ba. Nijar tana cikin ƙasashen da suka sa hannu kan yarjejeniyar kare makarantu ta Oslo a 2015, kuma ita da Norwe ne suka jagoranci ƙuduri mai lamba 2601 a kwamitin sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a Oktoban 2021, kan kare ilimi a lokacin rikici. Abin alfahari ne. Saura a ga ƙudurin a jikin ƙofofin site.

Na san maganar tsaro a jami'a tana da ƙaiƙayi a ƙasar nan. Ɗalibai ba su manta da 9 ga Fabrairu 1990 ba, ranar da aka harbe uku daga cikinsu a gadar Kennedy, ba su kuma manta da 10 ga Afrilu 2017 ba. Shi ya sa suke riƙe da 'yancin harabar jami'a da ƙarfi, ba su son ganin kaki a ciki. Wannan tarihi ne na gaskiya kuma a girmama shi. Amma shi ne ma dalilin da ya sa ya kamata shugabannin jami'a, da ƙungiyar ɗalibai ta USN, da masu kula da gidajen kwana, da jandarmomi da 'yan sanda su zauna tun yanzu su yarda a kan wa zai kira wa, ta wace ƙofa za a shigo, a ina za a tara ɗalibai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To kai ɗalibi, ke ɗaliba, ga abin da tarihin nan ya bar muku.

Tun yau, duk ginin da kake kwana ko kake karatu a ciki, ka san hanyar fita biyu. Ka taka da ƙafarka ka gani: ina matakalar baya take, ina katanga ta fi gajarta, me ke bayanta. In ƙofa ɗaya ce tak, wannan magana ce ta kai wa hukuma gobe da safe.

In ka ji ƙarar da ta yi kama da harbi, kada ka tsaya gardama ko taya ce ta fashe, kada ka leƙa taga, kada ka ɗaga waya don ɗaukar bidiyo. Ka saurara daƙiƙa kaɗan ka gane ta ina ƙarar ke fitowa, in akwai hanya ka bi ta ɗaya ɓangaren. Ka bar kaya. Ka gaya wa na kusa da kai ku tafi, wanda ya ƙi kada ka tsaya jayayya da shi. Kada ku yi dafifi a babbar ƙofa, domin sau da yawa ta nan maharan ke shigowa. Kada ka diro daga bene mai tsawo sai in mutuwa ce a bayanka ƙuru-ƙuru. In ka fita ka yi nisa sosai, ka hana wasu shiga, sannan ka kira 17 ko 18, ka faɗi wurin, da yawan mutanen da ka gani, da irin shigarsu.

In hanya ta rufe, ka shiga ɗaki ka kulle, ku tokare ƙofa da gado, tebur, kabad, duk abin da ke da nauyi. A kashe fitila. A kwanta ƙasa nesa da ƙofa da taga, domin harsashin babbar bindiga yana huda ƙofar ƙarfe, yana iya huda bulo mai rami. A sa waya shiru gaba ɗaya, har girgizar a cire, a rage hasken fuskarta. In za ka sanar da gida, saƙo a rubuce. Kuma kada ka buɗe don wani ya ce shi soja ne ko ya ce an gama. A Chibok a 2014 da kakin soja suka zo, suka ce wa 'yan matan sun zo kare su ne. Ka jira har ka tabbata, ko da awa goma ne.

In ya shigo inda kuke kuma ba sauran mafita, a nan ne kawai ake maganar kare kai: ku taru gaba ɗaya, kujera, tukunyar kashe gobara, duk abin da hannu ya kai. Wannan matakin ƙarshe ne, kada wani ya fita neman suna.

In jami'an tsaro sun shigo, su ma a tsorace suke, ba su san wane ne wane ba. Hannuwa sama, tafin hannu a buɗe, ba jaka, ba waya a hannu, ba rugawa wajensu. Abin da suka ce shi za a yi. In wani na zubar da jini, a danne ramin da tsumma mai tsabta da ƙarfi kada a saki. In hannu ne ko ƙafa kuma jinin na tsartuwa, a ɗaure sama da ciwon tamau da ɗankwali ko rawani, a riƙe lokacin da aka ɗaure don a gaya wa likita. Babbar jijiya in ta tsinke, mintoci kaɗan sun isa mutum ya tafi. Ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge tana koyar da wannan, kuma da kowane bene na site zai samu mutum biyu da suka iya, da an yi babban aiki.

Ku kuma iyaye, na san zuciya ba ta haƙuri, amma in kun ji ana harbi a makarantar ɗanku kada ku yi ta kiran wayarsa. Ƙarar waya ɗaya tana iya tona maɓoyar mutum ashirin. Ku aika saƙo ku jira. Kada ku yi tururuwa zuwa ƙofar makaranta ku tare wa motocin agaji hanya. Mu ma 'yan rediyo da masu shafukan Facebook da zaurukan WhatsApp akwai namu kason. A Janairun 2015, lokacin da wani ɗan bindiga ya yi garkuwa da mutane a wani kanti a Paris, wani matashi ɗan Mali, Lassana Bathily, ya ɓoye masu sayayya a ɗakin sanyi na ƙasa. Wata tashar talabijin ta faɗi kai tsaye cewa akwai wanda ke ɓoye a can, alhali maharin na cikin kantin. Allah ya kiyaye, amma daga baya waɗanda suka ɓuya sun kai ƙara. Ba a faɗin inda mutane suka ɓuya, ba a nuna inda sojoji suka ja daga, ba a yaɗa muryar da ba a san asalinta ba.

Su kuma shugabannin makarantu, aikinsu ya fi na kowa, kuma yawancinsa ba ya cin kuɗi mai yawa. A buɗe ƙofofin baya a sa musu sakata ta ciki. A kowane ɗakin kwana a samu taga ɗaya da ƙarfenta ke buɗuwa daga ciki. A samu jiniya ko lasifika mai aiki ko an ɗauke kuran, da alama ɗaya da kowa ya san ma'anarta. A riƙe sunayen masu kwana a kowane gini, har da 'yan raɓe, don a san wa ya fita wa ya rage. A yi atisaye sau ɗaya a shekara, da rana, an sanar da kowa, ba ƙarar bindiga. Waɗannan gyare-gyare ko gobara ce ta tashi za su ceci rai, kuma mutanen Maradi da na Yamai ba su manta da yaran da suka ƙone a azuzuwan zana a 2021 ba. Sannan in labari ya zo cewa akwai barazana, a gaya wa ɗalibai gaskiya da wuri. A Garissa an san da labarin kwanaki kafin ranar, a Bajiniya an yi awa biyu ana shawara.

Wanda ya karanta wannan, ya tura wa ɗalibi ɗaya da ya sani, ya kuma tambaye shi: ɗakin da kake kwana, ƙofa nawa gare shi? Ku rubuto mana amsar a ƙasa, daga kowace jami'a da kowace babbar makaranta, za mu tattara mu kai wa waɗanda abin ya shafa a cikin shiri.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyayensu haƙuri. Allah ya tsare mana ɗiyanmu a inda suke neman ilimi, ya zaunar da Nijar da maƙwabtanta lafiya. Amin summa amin. Sai mun haɗu a fagen tarihi na gaba.